Dubiya, Safar Hannu da Allurar Bayan Tiyata

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Na san akwai ma'aikatan asibiti a wannan zaure, don haka su ba ni amsa. Matar ƙanena ta haifi bakwaini, an kwantar da shi a ɗakin jarirai na wani asibiti nan Gusau. Dangi suka ciko mota daga Kauran Namoda don dubiya, aka ce ba mai shiga sai uwar. Kakarsa, tsohuwa, aka ce ta leƙa ta gilashi. Wai kada mu kai masa cuta. To ita nas ɗin da ta tare ƙofa, da idona na ga ta amsa waya da safar hannu a hannunta, ta gyara mayafinta, ta koma ta taɓa wani jariri da safar nan dai. Mu ne masu cuta, su kuma tsarkakakku?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya shi, Ya ba shi lafiya. Ni ma an yi mana haka, kuma a lokacin na ji haushi sosai.

Hajiya Kaka: Amin. Mu dai munka haihi ɗiyanmu cikin ɗaki, gari duk ya zo barka, kowa ya ɗauka ya sa albarka, ga su nan sun zama magidanta. Mi ya kawo wanga sabon salo? Kaka a hana ta jikanta?

Sista Babba: Baban Khalifa, Allah Ya ba yaro lafiya. Maganarka kashi biyu ce. Abin da ka ga ta yi da safar hannu ba daidai ba ne, kuma ba zan kare ta ba. Safa ana sa ta don aiki ɗaya a kan majinyaci ɗaya, a cire, a jefar, a tsabtace hannu. Wanda ya yini da safa ɗaya kansa kawai ya kare, yana ta yawo da cutar wannan gado zuwa wancan. Da ka sanar da shugabar ɗakin, da ka taimaki jariran nan duka.

Amma hana ku shiga daidai ne. Hajiya, ki yi haƙuri uwata, ɗan da ya cika wata tara ya sha nono a ɗakin uwarsa daban yake da bakwaini. Fatar bakwaini siririya ce, garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ga kanula a hannunsa, ga roba a hancinsa, cibiya ba ta warke ba. Kowacce ƙofa ce a buɗe zuwa jininsa. Tarin da ke ba ki damu da shi ba, shi yana iya kai shi ga iskar oksijin.

Baban Khalifa: To in ya kamu ai magani za a ba shi. Ba don haka aka kawo shi asibiti ba?

Mai Lab: Nan ne gizo ke saƙa, Yallaɓai. Maganin ne ya fara gazawa. Aikina ke nan: a kawo min jini ko fitsari ko mugunya, in shuka a faranti, in ga wace ƙwayar bakteriya za ta tsiro. In ta tsiro sai in jera mata ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, in bar su su kwana. Da safe, maganin da yake kashe ta za ka ga ya share fili kewaye da shi, fes. Wanda ba ya kashe ta kuwa, za ka ga ta tsiro har jikin takardar, ko kunya babu. Yanzu ba abin mamaki ba ne in ɗaga faranti in ga ampisilin ba fili, jentamaisin ba fili, seftiriyazon ba fili. Waɗannan kuwa su ne ake fara ba jariri in ana zargin cuta ta shiga jininsa. Ƙwayar da ta fi ba mu wahala a ɗakin jarirai sunanta Kilebsiyela. Tana zama a hanjin mutum lafiya lau ba ta dame shi ba, tana zama a magudanar wajen wanke hannu da duk inda ke da danshi. Hannu ɗaya ya ishe ta ta tashi daga tsumman wannan jariri ta sauka a kanular wancan.

In ta bijire wa waɗancan, sai a koma meropenem, babban magani mai tsada. Ku tambayi duk wanda ya taɓa saya. Sau biyu ko uku a rana, kwana da kwanaki, wani lokacin ma sai an aika Sakkwato ko Kano. Mutum ya sayar da hatsinsa da awakinsa, kuma akwai ƙwayoyin da shi ma sun fara fin ƙarfinsa.

Ɗan Tsafe: Ni fa ban gane ba. Jikin mutum ne yake sabawa da magani ko me?

Mai Lab: Ba jikinka ba, ƙwayar cutar. Kai manomi ne, ka san ƙwarin wake. Ka fesa magani, yawanci su mutu, 'yan kaɗan masu taurin rai su tsira, su hayayyafa. Baɗi ka fesa maganin nan dai ka ga ko gezau. To bakteriya wasunsu cikin minti 20 suke rabuwa biyu, kuma suna miƙa wa juna dabarar tsira, har tsakanin waɗanda ba jinsi ɗaya ba. Shi ya sa wanda bai taɓa shan maganin ba a rayuwarsa, kamar jaririn kwana uku, yana iya kamuwa da ƙwayar da maganin ba ya ci.

Ɗan Tsafe: Yanzu na gane. Allah Ya kyauta.

Likitan Yara: Don kada a ɗauka matsalar Gusau ce kaɗai: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 suna kamuwa da wata sabuwar cuta a cikin asibitin. A ƙasashe masu arziki 7 ne. Kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba sa tashi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a shekarar ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai-tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a gaba. Mu ke nan.

Ɗan Kemis: Na san inda maganar nan za ta ƙare. Saura kaɗan a ce 'yan kemis ne.

Maman Biyu: Kai ka faɗa da bakinka.

Ɗan Kemis: Hajiya, bari in faɗi tawa. Mutum ya zo min da daddare daga ƙauyen da asibitinsa ya rufe tun da ɓarayin daji suka kori ma'aikata. Ɗansa na zawo, a hannunsa kuɗin kafso huɗu ne. In ce masa ya je ya ga likita? Wane likita, a wace hanya, da wane kuɗi? In na hana shi, shago na gaba zai sayar masa. Kuma ku likitoci ku faɗi gaskiya, takardunku nawa ke zuwa hannuna da seftiriyazon a kan zazzaɓin da ba a yi wa gwajin komai ba?

Likitan Yara: Ba ka yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Rubuta allura ya fi sauƙi a kan tsayawa ka yi wa uba bayanin cewa murar ɗansa bairos ce, antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, ba ya taɓa ta. Layi ya kai bakin ƙofa, kuma in ba ka rubuta allura ba a ce likitan nan bai iya aiki ba. Ga kuma "maleriya da taifot" da ake liƙa wa kowa da gwajin Widal guda ɗaya, gwajin da a wuri irin namu yakan nuna alama ko a jikin mai lafiya.

Amma yaron nan mai zawo, abin da zai cece shi ruwan gishiri da sukari ne da zink na kwana 10 zuwa 14. Kafso huɗu ba za su yi masa komai ba, sai dai su horar da ƙwayoyin cikinsa. Ka sayar wa uban abin da zai yi aiki, kai ma ka ci ribarka. Sannan don Allah a daina ba sabon haihuwa ɗigon Ampiclox wai don a wanke masa ciki. Babu abin da yake wankewa. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko yake numfashi da sauri, asibiti ake kai shi a ranar.

Ɗan Kemis: Iyayen ne ke zuwa su ambaci sunansa da kansu. Ungozoma ta ce a saya.

Hajiya Kaka: To, yanzu kuma an koma kan ungozoma. Gashin cibiya ma hala ku ce laihi na?

Sista Babba: Uwata, ba laifi muke nema ba. Amma tsumman da aka ɗumama aka danna a cibiya, da man goge baki, da toka, duk mun ga abin da suke jawowa. Akwai man kilohekzidin na cibiya, ɗan ƙarami, ana samunsa a asibiti da kemis. A wanke hannu, a shafa a cibiya sau ɗaya a rana, a bar ta a buɗe. Cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido, don yana makantarwa.

Maman Biyu: Tunda likita na nan bari in yi tambayata. Da aka yi min tiyatar haihuwa, sai da na yi kwanaki ana ɗirka min allura safe da yamma, aka sallame ni da Flagyl da wasu kafso cike da leda. Ƙanwata ta haihu a wani asibitin ta hanyar tiyata ita ma, allura ɗaya tak aka yi mata kafin a shiga da ita. Mamanmu har faɗa ta yi, wai an yi mata rowar magani. Wa aka yi wa daidai?

Likitan Yara: In tiyatar shiryayya ce kuma babu alamar cuta, ƙanwarki aka yi wa daidai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce allura ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin a yanka fata, don maganin ya kasance a cikin jini lokacin da wuƙa ta shiga. Ci gaba da shi kwana biyar ko bakwai ba ya ƙara kariya. Kuɗin maigidanki kawai ya tafi, ƙwayoyin ɗakin kuma suka samu ƙarin darasi.

Tsohon Likita: Ɗana, na karanta abin da ka karanta, kuma ban musa ba. Amma bari in gaya maka dalilin da ya sa tsofaffin hannu ke yin abin da suke yi. Matar da ake kawo mana daga ƙauyukan Maru ko Anka ba irin wadda ke cikin littafi ba ce. Ta kwana biyu tana naƙuda, faya ta fashe tun shekaranjiya, hannuwa da yawa sun shiga, an jira gari ya waye saboda hanya ba ta biyuwa da dare. Ta iso da zazzaɓi, ruwan yana wari. Wannan ba kariya take buƙata ba, cutar ta riga ta shiga, cikakken magani za a ba ta.

Na biyu kuma shi ne wanda ba a son faɗa. Tukunyar turara kayan tiyata tana son zafin digiri 121, kayan da aka naɗe su yi kamar rabin awa a ciki. In wuta ta ɗauke a tsakiya, janareta ba mai, wa ya tabbatar maka almakashin nan ya tsarkaka? Likita ya san bai amince da kayansa ba, bai amince da zanin gadon ba, sai ya lulluɓe tsoronsa da seftiriyazon. Ka gyara min tukunya da ruwa, ni ma in koma allura ɗaya.

Likitan Yara: Ranka ya daɗe, ta farkon na yarda ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce ana yi wa kowa irin na mai warin ruwa, har wadda ta zo da ƙafarta ranar da aka sa mata. Ta biyun kuwa, da girmamawa, ƙwayar da ke maƙale a almakashin asibiti ita ce dai wadda seftiriyazon ya daina ci. Bargon da muke lulluɓa da shi ya riga ya huje.

Tsohon Likita: Ka faɗi gaskiya. Sai dai kai ba kai za a tasa a gaba ba ranar da ɗinki ya ruɓe.

Mai Lab: Ina roƙon manyana abu ɗaya. In za a fara antibayotik ga wanda ake zargin cuta a jininsa, a ɗebi jinin gwaji tukuna, sannan a yi allurar, ba tare da an jinkirta ta ba. In an riga an zuba magani kwana uku kafin a turo min, faranti yakan fito fayau, a ce lab ba ta aiki. Sakamako yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, gaskiya ne, amma in ya fito a dube shi. Sau da yawa yana nuna cewa ƙaramin magani mai araha zai yi, a sauko daga babban.

Baban Khalifa: Kun ga ni da na zo da ƙorafin dubiya, ga shi ku da kanku kuna tona asirin junanku. Ashe cutar a wajenku take.

Sista Babba: Mafi yawanta a hannunmu take yawo, ban ɓoye maka ba. Ka zo ka tsaya a ɗakin jarirai da ƙarfe biyun dare. Nas ɗaya ko biyu, jarirai sun fi gadaje yawa, wani lokaci biyu a kwalba ɗaya. Ƙa'ida ta ce in tsabtace hannu a wurare biyar: kafin in taɓa majinyaci, kafin aiki mai tsabta kamar sa kanula, bayan na taɓa jini ko fitsari ko kashi, bayan na taɓa shi, da bayan na taɓa abin da ke kewaye da shi. Da ruwa da sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60. Ka lissafa sau nawa ke nan a dare ɗaya, alhali famfon yana can ƙarshen baranda kuma rabonsa da ruwa an manta. Shi ya sa nake cewa abin da ya fi komai amfani shi ne kwalbar sanitaiza a jikin kowane gado ko a aljihun kowace nas. Daƙiƙa 20 zuwa 30, kana tsaye a inda kake. Sai in hannu ya ɓaci a ido, ko majinyacin na zawo, nan dole ruwa da sabulu.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba sa cin ko sisi. Ledar ƙarin ruwa guda da ake rataye ta ana zuƙa daga ciki ana wanke kanular kowane jariri, in ƙwaya ta shiga ledar nan an raba wa ɗakin duka. Robar fitsari da aka sa ranar tiyata aka manta da ita har mako. Kanular da wurin ya yi ja ya kumbura. Farce mai tsawo, zobba, awarwaro. Duk safiya a tambaya a kan kowane gado: robar nan har yau ana buƙatarta? In a'a, a cire.

Ku ma masu jinya kuna da haƙƙin tambaya. Ka ce, "Sista, don Allah an wanke hannu?" Wata za ta harare ka. Ka jure hararar.

Ɗan Tsafe: Ta harare ka kawai? Ta bar ɗanka sai ƙarshe dai.

Alaramma: Bismillah. Dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, ba mai jayayya. Amma addinin da ya yi umarni da ita shi ne ya hana cuta da cutarwa, kuma hadisi ya inganta cewa kada mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya. In masana sun ce shigarka za ta cutar da jariri, ka tsaya a waje ka yi addu'a, ka ba uban abin da ya sawwaƙa, ladanka na nan. Tara mutum goma a gefen gado, ana cin tuwo a kwano ɗaya, yara na rarrafe a ƙasan ɗakin jinya, wannan al'ada ce, ba ita aka umarce mu da ita ba.

Hajiya Kaka: Allah gafarta Malam, to shi wanga ruwa da suka shafawa, an ce giya na cikinai. Mutum ya shafa ya yi salla?

Alaramma: Hajiya, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, saboda ba abin sha ba ne, don magani da tsabta aka yi shi, kuma yana bushewa nan take. A lokacin korona har a Harami an yi ta amfani da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya wanke hannu in zai yi alwala, ai dama zai wanke.

Ɗan Zurmi: Ba wanda ya taɓo masu raunin harbi. Ku shiga ɗakin maza ku gani. Mutum an harbe shi a gona, sai ya kwana biyu ko uku kafin a fito da shi. Kafin nan an ɓare kafso ja da yalo an barbaɗa a ramin, an ɗaure da tsumma. Wani yayana haka ya yi wata da watanni, ƙashin cinya na fitar da mugunya, an canza magani ya fi a ƙirga.

Tsohon Likita: Allah Ya ba shi lafiya. Irin wannan rauni wanki da yanke mataccen nama a ɗakin tiyata ne maganinsa na farko, kuma ba a ɗinke shi a ranar, akan bar shi a buɗe 'yan kwanaki. Antibayotik ba ya isa cikin naman da jini ba ya zuwa. Garin kafso kuma ba ya hana komai. A ɗakin jinya abin da nake nacewa a kai shi ne tsarin wankin ciwo: a fara da masu tsabtataccen ɗinki, a ƙare da masu mugunya, kowa da kayan aikinsa. Wanda lab ta tabbatar yana da ƙwaya mai taurin kai a ware shi, in ba ɗaki a tara irinsu a kusurwa ɗaya, da ma'aunin zafinsu da bokitinsu. Ba ƙyama ba ce, a yi wa danginsa bayani da kyau don kada su ɗauke shi su gudu.

Uwar Masu Shara: Ina ta karantawa ina jira a ambace mu, shiru. Likita da nas da lab. Wa ke goge gadon da wani ya mutu a kai kafin a kwantar da wani? Yarana ne, waɗanda albashinsu ya fi na kowa ƙanƙanta, ba a kiran su horo, in an raba safa su ne na ƙarshe. A ba yarinya mofa ɗaya da bokiti ɗaya ta goge banɗaki, ta goge ɗakin haihuwa da shi. Ba ganganci ta yi ba, abin da aka ba ta ke nan.

Ga abin da nake koya musu. A fara daga wuri mai tsabta a ƙare a mai datti, daga sama zuwa ƙasa. A wanke da ruwa da omo tukuna, don bilic ba ya aiki a kan datti. A duba ƙarfin da ke jikin kwalba: in Jik ne mai kashi 3.5, gwangwani ɗaya a zuba masa gwangwani shida na ruwa, wannan na inda jini ya zuba ne. Na goge gado da tebur ya fi haka tsarma sosai. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, a kau da shi daga rana, na jiya ya zama ruwa. Kada a gauraya shi da maganin wanke masai, hayaƙinsa na shaƙe mutum. Kuma ba ƙasa ce ta fi muhimmanci ba. Ƙarfen gado, mariƙin ƙofa, sandar ƙarin ruwa, kan famfo, inda hannu ke taɓawa. Katifar da ledarta ta yage kuwa, ko ka kwana kana gogewa cikinta ya riga ya sha.

Sista Babba: Yaya, wallahi kin fi mu gaskiya. A kwamitin hana yaɗuwar cuta na asibiti ya kamata a ce kina da kujera.

Ɗan Kemis: Akwai ma irin wannan kwamiti?

Likitan Yara: Ya kamata kowane asibiti ya samu, da mutum guda da aikinsa ke nan. Hukumar NCDC, mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya, tana da shirin ƙasa a kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, na farko daga 2017 zuwa 2022, na biyu daga 2024 zuwa 2028. A Satumbar 2024 kuma ƙasashe suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan bijirewa da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, kuma aƙalla kashi 70 na antibayotik da ake ba mutane su kasance daga rukunin farko a rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, irin su amoksisilin, waɗanda ba su cika haifar da bijirewa ba. Seftiriyazon da muke rabawa kamar alewa yana rukuni na biyu, na a yi hattara.

Ɗan Zurmi: Takarda ke nan. Mu a ba mu ruwa a famfo.

Ɗan Tsafe: Kuma a leƙa kasuwar dabbobi. Kwalbar allurar shanu a buhu ake sayar da ita, kowa likitan garkensa ne. A yi wa saniya allura yau, gobe nononta na kasuwa. Masu kaji ma a ruwan sha suke zubawa tun suna 'yan tsaki.

Mai Lab: Wannan babi ne mai zaman kansa, Malam, kuma yana da alaƙa, don magungunan dangin juna ne da namu. A buɗe masa tasa muhawarar. Maganar sanitaiza nake so in ƙarasa, tunda tsada ake kuka da ita. Sashen magunguna na asibiti na iya haɗa nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda ake yi: a lita ɗaya, kimanin mililita 833 na etanol mai ƙarfin kashi 96, da 42 na haidirojin feroksaid mai kashi 3, da 14.5 na gilisarin, a cike da tafasasshen ruwan da ya huce, a rufe a ajiye awa 72 kafin a fara amfani. Aikin masu haɗa magani ne, ba na gida ba, don yana kama wuta kuma sai an auna ƙarfinsa.

Shugaban Zaure: Jama'a, magana ta yi tsawo kuma ta yi amfani. Wasu sun biyo ni ta gefe suna cewa mu yi karo-karo mu sayi bokitai masu famfo da sabulu mu kai ɗakunan haihuwa da na jarirai. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Ni na ɗauki biyu. Amma a ajiye ɗaya a bakin ƙofa don masu dubiya, kuma a sa lokaci, ko mutum bibbiyu ne a riƙa bari a ɗakin manya.

Ɗan Kemis: Sabulu a kaina. Kuma ban janye maganata ba, a gyara asibitocin ƙauye kafin a zo kaina.

Uwar Masu Shara: Kafin ku sayi komai ku saurare ni. A lokacin korona an kawo irin bokitan nan da yawa, ku je bayan ɗakunan ku ga inda suka ƙare, wasu an mayar da su na wanki. Ku sayi sabulun ruwa, ba na sanda da zai jiƙe a kwano kowa na damƙa ba, kuma in ya ƙare a wanke robar ta bushe kafin a sake zubawa. Kowane bokiti yana son murfi, da roba a ƙasa mai tarar ruwan datti, da abin goge hannu da ba tawul ɗaya na kowa da kowa ba. Sannan ku ware kuɗin ɗan garuwa na wata-wata ku damƙa wa mutum ɗaya da za a iya tambaya. Ranakun aiki yarana za su cika. Asabar da Lahadi da dare mutum ɗaya nake da shi a ɗakuna huɗu, sai ku faɗa min wanda zai ɗebo.

Shugaban Zaure: To, a fara da ɗakuna biyu mu gani. Sista, ki nemo mana izinin shugabannin asibitin a rubuce. Yaya, ki turo min lissafin jarka nawa ɗaki ɗaya ke sha a yini.